Sufurin Birnin Kano: Wa Aka Bari a Bakin Titi?

Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Nassarawa da hantsi zai ga abubuwa biyu. A sama ga gada, motoci suna wucewa ba tsayawa. A ƙasa kuwa ga makaho da ɗan jagora, ga gurgu a kan kekensa na hannu, ga tsohuwa da ƙunshin kaya, kowa yana neman ta inda zai tsallaka. To, tun da ana ta maganar gyara sufurin birane don rage hayaƙi da cunkoso, ya kamata a tambaya: gyaran nan domin wa za a yi shi?

Idan aka waiwayi tarihi, za a ga cewa marasa ƙarfi su ne suke fara ɗanɗana kuɗar kowane sauyi. A watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnati ta hana yin acaɓa. Dalilin tsaro ne, ba mai musun haka. Amma fa babur shi ne yake shiga lungunan da mota ba ta shiga. Da ya kau, sai kowa ya koma wa A Daidaita Sahu, wadda tun asali an kawo ta ne a zamanin Malam Ibrahim Shekarau musamman domin mata. Haka kuma da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa fiye da naira 500. Mai mota ya rage yawo. Mai ciki da ke Kurna ko Ɗorayi kuwa, ita zuwa awo ta rage.

Ba wai doka ce babu ba. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a da ababan hawa yadda za su iya shiga. Wa'adin ya cika a 2024, amma har yanzu gurgu sai an ɗauke shi cak kafin ya hau mota.

Wasu za su ce ai maganin hayaƙi shi ne a kori A Daidaita Sahu daga manyan tituna, a zuba manyan motocin safa masu aiki da iskar gas. Lalle mota guda mai ɗaukar mutane da yawa ta fi kekuna goma sauƙin hayaƙi. Sai dai ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. Safa tana bin babban titi ne kawai, alhali kuwa tsoho da majinyaci daga ƙofar gida wahalarsu take farawa. Ga kuma dubban magidanta da suke ci da iyali da wannan sana'a.

Saboda haka abin da ya dace shi ne a haɗa su aiki: safa ta riƙe manyan hanyoyi, kekuna su riƙa kawo mata fasinja daga unguwanni. Duk motar da gwamnati za ta saya ta kasance mai gajeren mataki da wurin ajiye keken guragu. A rage wa 'yan makaranta da tsofaffi da naƙasassu kuɗin mota. A kuma share gefen titi, a rufe kwalbatoci, domin tafiyar ƙasa ita ce sufurin da ba ya hayaƙi ko kaɗan, kuma ita ce abin hawan talaka.

Daga ƙarshe, kafin a zana kowace sabuwar hanya, a zauna da Sarkin Makafi da ƙungiyoyin guragu da na mata a ji ta bakinsu. Su ne suka san kowane rami da kowane mataki, kuma titin da makaho ya bi lafiya, mai ido ma ba zai yi tuntuɓe a kansa ba.