Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Katsina Game Da Kama Motoci A Ƙanƙara, Faskari Da Sabuwa

Zuwa ga Mai girma Gwamna, Malam Dikko Umaru Radda.

Bayan gaisuwa mai yawa, da ban girma irin wanda ya wajaba talaka ya yi wa shugabansa, da addu'ar Allah ya yi riƙo da hannunka cikin nauyin da aka ɗora maka tun ranar 29 ga Mayu, 2023, ina neman izini in gabatar maka da wata mas'ala wadda, in aka jera ta da kashe-kashe da satar mutanen da suka addabi ƙasarmu, sai a ga kamar ba ta isa a ɓata maka lokaci da ita ba, alhali kuwa da irinta talaka yake auna adalcin hukuma, domin kullum yana cin karo da ita a bakin kasuwa da ƙofar tasha. Ina nufin yadda ake kama motoci da babura, ko a ja su da janwe zuwa caji ofis ko harabar wata hukuma, bisa tuhumar an ajiye su inda bai halatta ba, a ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa.

Ranka ya daɗe, ba na cikin masu cewa a bar kowa ya ajiye motarsa inda ya ga dama. Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau ranar da kasuwar Sheme ko ta 'Yankara take ci, ya ga yadda tirela da kanta da motocin fasinja suke cushe kwalta hagu da dama, masu lodin masara suna nasu, masu sauke awaki suna nasu, har motar da ta ɗauko mai naƙuda ta rasa ta inda za ta ratsa, ya san cewa kawar da abin da ya tare hanya maslaha ce ta jama'a. Shari'a ta riga ta tabbatar da cewa hanya tana da haƙƙi, kuma malaman da suka yi rubutu a kan hisba sun lissafa hana cin hanyar Musulmi a cikin ayyukan muhtasibi. Saboda haka 'yan sanda, da jami'an hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jiha, wato KASSAROTA, da na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa wadda aka kafa tun 1988, duk suna da hujja in suka tsaya a kan a buɗe hanya. Kukana yana kan yadda ake zartar da abin, da wanda ake zartarwa a kansa, da abin da ke faruwa bayan mota ta shiga hannu.

Ƙa'ida ce sananniya wurin ma'abota ilimi cewa ba a yin uƙuba sai bayan bayani ya isa. To, a mafi yawan garuruwanmu babu allo ko fenti da ke nuna wa direba cewa nan an hana tsayawa, can kuma an yarda, kuma sau da yawa babu wani fili da aka tanada wanda zai ɗauki motocin da ke zuwa ranar kasuwa, ga shi kuwa Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora kafa kasuwanni da tashoshin mota da kula da su a wuyan ƙananan hukumomi. Idan hukumar da ke karɓar kuɗin shiga a kasuwa ba ta ware wurin ajiye mota ba, sa'an nan wata hukumar ta zo ta kama direba don ya tsaya a gefen titi, to an hukunta shi ne a kan gazawar da ba tasa ba.

Akwai kuma wani al'amari da ya keɓanta da ƙasarmu, wanda mai zama a birni ba lalle ya hango shi ba. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna bakin daji, Sabuwa tana maƙwabtaka da ƙasar Birnin Gwari, Faskari da Ƙanƙara suna jingine da Zamfara, kuma duniya ba ta manta da ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara fiye da 300 da aka kwashe a watan Disamba na 2020 ba. A 2021 tsananin ya kai gwamnatin Alhaji Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta ce su zagaya ta Funtuwa. A irin wannan ƙasa direba da rana yake lissafin tafiyarsa: yana so ya yi lodi, ya tashi, ya isa kafin magariba, kuma in zai tsaya ya fi son tsakiyar gari inda ke da idon jama'a, ko da wurin ya matse, a kan wani fili a bayan gari. Idan aka kama motarsa da azahar, aka yi ta ja-in-ja har la'asar sakaliya, sa'an nan aka sake ta, to an tura shi da fasinjojinsa, mata da yara da tsofaffi, su shiga hanya a lokacin da kowa ke gudunta, ko kuwa su kwana a tasha ba guzuri. Tarar da aka rubuta kuɗi ce, amma abin da aka jefa su ciki ya shafi rai, kuma kiyaye rai yana gaba da kiyaye dukiya a jerin manufofin shari'a. Haka nan motar da ta lalace a kan hanya, wadda mai ita ya tafi neman bakanike ko kayan gyara a Funtuwa, ba daidai take da wadda aka ajiye da gangan ba; wannan taimako take buƙata a matsar da ita gefe, ba tuhuma ba.

Abin da ya fi damuna, Allah ya taimake ka, shi ne haɗuwar matsayi uku a hannu guda, wato mutum ɗaya ya zama shi ne mai tuhuma, shi ne alƙali, kuma shi ne mai karɓar tara. Inda duk aka yi haka, ko da jami'in mutumin kirki ne, an buɗe ƙofar zato, in kuwa ba mai tsoron Allah ba ne, an buɗe ƙofar ciniki, a faɗi kuɗi mai yawa, a yi ta ragi har a daidaita, a biya ba rasit, kuɗin bai shiga baitulmali ba, laifin kuma bai daina aukuwa ba. Fuƙaha'u sun yi saɓani mai tsawo a kan halaccin ta'aziri da dukiya, wato cin tara, kuma babban abin da masu hanawa suka ji tsoro shi ne kada ya zama tsani ga azzaluman ma'aikata su ci dukiyar mutane da ɓarna. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa kama dabbobin dakon talakawa ba da izininsu ba a cikin ɗabi'un mulkin zalunci da ya yi inkari, kuma motar haya a yau ita ce ta gaji jakin da raƙumin wancan zamani. Dokar ƙasa ba ta saɓa wa wannan ba, gama sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya ba kowa haƙƙin a saurare shi kafin a yanke masa hukunci, kuma a watan Oktoba na 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke cewa jami'an duba motoci na birnin tarayya, waɗanda aka sani da VIO, ba su da ikon ƙwace mota ko cin direba tara. Hukuncin ya shafi Abuja, amma hujjar da aka gina shi a kanta ta cancanci lauyoyin gwamnatinka su yi nazarinta.

Sa'an nan akwai batun amana. Motar da hukuma ta ɗauke daga inda mai ita ya bar ta, ta zama ajiya a hannunta, kuma mai ajiya in ya yi sakaci lamuni ya hau kansa. Ga shi direbobi suna kukan a ja mota a lalata mata giya ko a karya bamba, ko ta kwana a waje a wayi gari babu batir ko safaya, ko kayan gwari su ruɓe a cikinta, ba kuwa wanda za a tambaya, domin ba a rubuta abin da ke ciki ba sa'ad da aka kama ta. Kai da ka shugabanci hukumar SMEDAN mai kula da ƙananan sana'o'i, ka fi kowa sanin cewa yawancin direbobin nan ba su ne masu motocin ba, balas suke kaiwa kowace rana, kuma tun da aka janye tallafin fetur a 2023 abin da ke saura a hannunsu bayan mai da kuɗin yuniyon bai taka kara ya karya ba. Kwana biyu a tsare yana iya raba mutum da aikinsa ɗungurum. Kuma talakawa suna gani da idonsu cewa mota mai baƙin gilashi ko lambar gwamnati takan tare hanya a wuce ta da sarawa, a kama a-kori-kurar da ke bayanta.

Na san 'yan sanda na Gwamnatin Tarayya ne, amma Kwamishinansu yana zama tare da kai a majalisar tsaro ta jiha, KASSAROTA kuwa a ƙarƙashinka take. Saboda haka ina roƙonka ka umarci shugabannin ƙananan hukumomin nan uku su zauna da hakimai da sarakunan kasuwa da shugabannin direbobi, su ware wuraren ajiye motoci a inda ke da tsaro, su kafa alluna da Hausa, boko da ajami. A buga adadin kowace tara a manna a tasha, a kuma shelanta ta a rediyo. A hana karɓar ko sisi a hannu, sai ta asusun gwamnati da rasit. In direba yana kusa a fara ce masa ya matsa, kada a kira janwe sai ya ƙi ko an neme shi an rasa. In an kama mota a rubuta halinta da kayan cikinta a gaban shaida, a ba shi kwafi. Wanda bai yarda da tuhuma ba a kai shi gaban majistare cikin gaggawa. Mafi muhimmanci a gare mu, kada a riƙe motar da ke ɗauke da fasinja ko kayan da ke lalacewa har rana ta yi sanyi. A rubuta lambarta, a ba direba takardar sammaci, ya kai mutane gida, ya dawo ya amsa a ranar da aka sa masa.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya kawo mana ƙarshen wannan fitina ta daji. Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani talakanka daga ƙasar Faskari.