C Ba Shi Ne Maganin Nawar Python Ba

Da zarar manhajar Python ta fara nawa, shawara ɗaya za ka ji a bakin masu rubuta manhaja: "Mayar da wannan ɓangaren C, ka huta." Ni dai ina ganin ɓarnar wannan shawara ta fi gyaranta yawa, domin masu ba da ita saurin C kawai suke kallo, sun manta da kan iyakar da ke tsakanin harsunan biyu.

A Python lamba ba ta tafiya tsurarta. Ƙaramar lamba ɗaya tana cin bayit 28 a kwamfuta mai bit 64, don tana ɗauke da nau'inta da ƙidayar masu riƙe da ita. Kafin C ya taɓa ta sai an kwance ta, kafin amsa ta dawo sai an sake naɗe ta. Wanda ya kira C sau miliyan da lamba ɗai-ɗai, ɗan dako ne da ke kwasar gero ƙwaya-ƙwaya alhali ga buhu.

Nawa ma da sauƙi, babban tashin hankalin shi ne sanin mai abu. PyList_GetItem aro take ba ka. PyLong_FromLong sabo take ba ka, sakinsa na wuyanka. PyTuple_SetItem kuwa karɓe na hannunka take yi. Ka manta Py_DECREF ɗaya, wato umarnin sakin abu, ma'adana ta yi ta cika a hankali har komai ya tsaya. Ka saka shi inda bai dace ba, Python ta share abin da ake amfani da shi, manhaja ta faɗi a wani wuri can daban, ka kwana kana laluben dalili.

Za a ce ai NumPy da C aka gina ta. Haka ne, kuma hujjata ke nan. Tun fitowarta a 2006, dabararta ita ce tara lambobi jere a ma'adana, ta miƙa wa C su a tsallakawa ɗaya. Rage zirga-zirga ne ya ba ta sauri.

Kuma nauyin ƙaruwa yake yi. Python 3.13, wadda ta fito a 2024, ta zo da sigar gwaji marar makullin GIL mai hana zaren aiki biyu gudana lokaci guda, inda wani zaren aiki zai iya share abin da ka aro tun yana hannunka. Shi ya sa aka ƙaro PyList_GetItemRef, wadda ba aro take ba ka ba. Duk wanda ya yi gaggawar rubuta C don ya huta, yanzu sai ya koma ya bi aron da ya yi ɗaya bayan ɗaya.