Kada a Tumɓuke Rediyon Tsohuwar Mota

Duk wanda ya taɓa hawa tsohuwar Peugeot, irin ta masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975, daga Azare zuwa Kano, ya san cewa rediyonta na asali, ko da yake zamanin kaset ya shuɗe, bai cancanci a tumɓuke shi ba, matuƙar yana kama FM. A ra'ayina, almubazzaranci ne direbobinmu na ƙasar Katagum su yanyanke wayoyinsa, alhali ga 'yar na'urar Bluetooth da ake sokawa a ramin kunna taba, wadda ke karɓar sautin wayar hannu ta miƙa wa rediyon. Sharaɗi ɗaya, a zaɓi zangon da babu tasha a kansa, don kada ƙara ta gurɓata tafsirin malam a azumi.