Kada anini ya ƙare a sikelin 'yan gwangwan

Anini mai huda, wanda Turawa suka fara bugawa a 1907 da rubutun Larabci a jikinsa, yau sai a hannun tsirarun masu tara tsofaffin kuɗi. Su ne ke musayar sisi da taro a tsakaninsu, wani ya ajiye wa abokinsa sulen da ya daɗe yana nema, har zumunci ya kai ga zuwa suna da biki. Amma idan ɗayansu ya rasu, magada kan auna tarin ga 'yan gwangwan kamar tsohuwar tukunya. Tun zuwan naira a 1973 ake wannan asara. Ya kamata gidajen tarihi irin su Gidan Makama su riƙa karɓar wannan ajiya, su rubuta sunan mai ita.