Kada Mu Binne Daɓen Dutse Da Siminti

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina so in yi magana a kan abin da muke takawa kullum, watau daɓen dutse na tsofaffin makarantu. Yanzu da zarar dutse ya dushe ko ya fara girgiɗa, sai a kira birkila ya malala siminti a kansa. Ni a ganina wannan ɓarna ce, ba gyara ba. Siminti bai cika kama dutse mai santsi ba, ga shi kuma yana toshe wa damshin ƙasa hanyar fita. Bayan 'yan damuna kaɗan sai ya tsage ya ɓamɓare, a yi hasarar kuɗi, a kuma ɓata dutsen.

Abu biyu ne ke cin dutse. Na fari yashi, wanda yara ke shigowa da shi a ƙafa, yana goge daɓen kaɗan kaɗan. Maganinsa tabarmar goge ƙafa a bakin ƙofa, da shara kowace safiya. Na biyu abu mai tsami. Marmara, irin wadda ake haƙowa a Jakura kusa da Lokoja, ko ruwan lemun tsami ma yana kashe mata ƙyalli, balle ruwan batir da waɗansu ke wanke daɓe da shi. Ruwa da ɗan sabulu sun isa.

In dutse ya girgiɗa, a ɗaga shi, a daidaita yashin ƙarƙashinsa, a mayar, a cike tsakani. In ya kakkarce, a jiƙa shi a goge da dutse mai kaushi, sa'an nan da mai laushi.

Wani ya ce siminti ya fi sauri. Gaskiya ne, amma ya dubi Sukur a ƙasar Madagali, inda hanyoyin dutse ke hawa tsauni har gidan sarkinsu, Hidi. Ba siminti a ciki, aikin gayya ne ya riƙe su, har UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1999.

Mu ne za mu riƙe makarantun nan gobe. Yaron da muka koya wa tattalin daɓen ajinsa, lalle ba zai bar na gidansu ya lalace ba. Da tsohuwar zuma ake magani.