Gobarar Los Angeles: Wa ke riƙe karnuka idan gidansu ya tashi?

Lokacin da gobarar daji ta tashi a yankin Los Angeles na Amurka ranar 7 ga Janairun 2025, cikin 'yan kwanaki gidan kula da dabbobi na Pasadena Humane ya karɓi dabbobi sama da 400. Gidan yana kusa da Altadena, garin da wutar ta yi wa mummunar ɓarna. Wasu dabbobin da ƙuna aka tsinto su, wasu kuma masu su ne suka kawo ajiya saboda su kansu ba su da wurin kwana.

Dole aka rage cunkoso, kuma abin lura shi ne waɗanda aka fitar. Karnukan da suka daɗe a irin waɗannan gidaje, waɗanda aka san ba mai nemansu, su aka kwashe. Ƙungiyar Best Friends Animal Society ta kai wasu jihar Utah ta jirgin sama, wasu kuma aka raba wa mutanen gari riƙo. Waɗanda wuta ta raba da masu su aka bar su kusa, inda mai nema zai same su.

A wajenmu, inda aka fi sanin kare da gadi da farauta, wannan hidima za ta iya ba mutum mamaki. Amma shi riƙon ba baƙon abu ba ne: ka ɗauka, ka ciyar, ka saba, alhali ka san ba naka ba ne. A can, mai riƙo yakan sa hannu a takarda cewa karen na gidan dabbobin ne. Shi ya ba da wuri da lokacinsa, su kuma galibi su biya kuɗin likita.

Da tsada Amurkawa suka koyi wannan tsari. A watan Agustan 2005, kafin guguwar Katrina ta afka wa New Orleans, ƙungiyar Louisiana SPCA ta kwashe dabbobinta sama da 250 zuwa Houston. Ta yi dabara, domin ambaliya ta lalata gininta. Rikicin ya taso ne kan dabbobin mutanen gari. An tara dubbai a wani filin baje koli da ke garin Gonzales, daga nan aka rarraba su zuwa jihohi daban-daban, da yawa ba tare da cikakken rubutun inda aka tsince su ba.

Da masu su suka dawo hayyacinsu suka fara cigiya, sai wasu masu riƙon suka ce atafau ba za su mayar ba, wai sun fi iya kula da su. Magana ta kai kotu. A 2008 wata kotun ɗaukaka ƙara a Texas ta ba wata mata 'yar New Orleans gaskiya a kan karyarta, a shari'ar da sai da aka yi gwajin ƙwayoyin halitta. Da wuya a ga laifin wanda ya shaƙu da dabbar da ya yi jinya, amma matar da ta rasa gida ba ta sayar da karyarta ba.

Tun 2006 dokar tarayya ta buƙaci jihohi su sa dabbobin gida cikin shirinsu na kwashe jama'a. Ana kuma ƙara amfani da wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa da ake sakawa ƙarƙashin fata, wadda lambarta ke kai mai bincike ga sunan mai dabbar.

Abin da doka ba ta magance ba shi ne wurin zama. Ɗan kwikwiyo ba ya rasa mai ɗauka. Babban kare, ko tsoho, ko mai tsoron mutane, shi ke kwantai, domin masu gidajen haya da yawa a Amurka suna ƙayyade girma ko irin karen da ɗan haya zai ajiye. Bayan gobara kuma, waɗanda a da za su karɓi riƙo su ma suna cikin masu neman haya.