Togo da Tsohuwar Hanyar Gwanja

Kwanakin baya na je duba aikin ginin wani ɗan'uwana a Unguwar Rimi, sai na tarar da wani saurayi yana shimfiɗa tayil, ana kiransa da “ɗan Togo”. Da muka gaisa sai na ji Hausa tsantsa a bakinsa, illa dai bai damu da bambanta “ya” da “ta” ba, irin yadda Hausar zango take. Na tambaye shi ko a Kaduna ya koya, ya ce a'a, a garinsu Mango ya tashi da ita. Washegari na tambayi ɗalibaina na ajin ƙarshe su faɗa mini ƙasashen da ke iyaka da Togo. Aji ya yi tsit.

To, ga amsar. Togo siririyar ƙasa ce, tsawonta daga bakin teku zuwa arewa kimanin kilomita 600, amma gaɓar tekunta ba ta kai kilomita 60 ba. Faɗinta bai cika murabba'in kilomita dubu 57 ba, wato Jihar Neja kaɗai ta fi ta girma. Ghana na yammacinta, Jamhuriyar Benin na gabas, Burkina Faso na arewa. Babban birninta Lome yana manne da iyakar Ghana, ta yadda mutum zai taka da ƙafa ya shiga Aflawo.

Wannan siffa aikin Turawa ce. Jamusawa suka kafa tutarsu a gaɓar a 1884, sannan a 1899 suka raba arewa da Ingilishi, Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yendi ta faɗa hannun Jamus. A 1914 Ingila da Faransa suka ƙwace ƙasar, daga bisani suka raba ta biyu. Kason Ingila ya bi Ghana bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1956, kason Faransa kuwa ya sami 'yancin kai a 1960. Haka aka yanka ƙabilar Ewe gida biyu, har yau.

Sai dai abin da ya fi damuna ya girmi duk waɗannan layuka. Tun kafin Bature ya zo, fataken Kano da Katsina da Sakkwato ke ɗaura wa jakuna kanwa da tufafi da fatu, su bi bayan madugu su ratsa Bargu da Jugu, su yada zango a Mango, su wuce Yendi zuwa Salaga, su komo da goron Gwanja. Sunan garin ma cikakke, Sansanne Mango, yana ɗauke da kalmarmu ta “sansani”, kamar yadda unguwar baƙi a Lome da sauran garuruwan yankin ke amsa sunan zango. Ga mai nazarin harshe, waɗannan sunaye sun fi alƙaluman jakadu gaskiya.

A kan wannan hanya ce Alhaji Umaru, haifaffen Kano a 1858, ya isa Salaga, kuma bayan yaƙin basasar garin na 1892 ya koma Kete-Karaci, wadda a zamanin take ƙarƙashin Togo ta Jamus, yanzu kuwa tana Ghana. A can ya zama limami, ya yi ta rubutu da Larabci da ajami har rasuwarsa a 1934. A wurinsa jami'in Jamus Adam Mischlich ya sami tarin rubuce-rubuce kan tarihi da al'adun ƙasar Hausa, shi ne kuma ya buga ƙamus ɗin Hausa da Jamusanci a 1906, shekara 28 kafin na Bargery. Abin kunya ne a ce muna yaye masu digiri a fannin Hausa waɗanda ba su taɓa jin wannan suna ba, kuma ban cire kaina daga laifin ba.

Mai karatu na iya cewa wannan duk tsohon zance ne. Ko kusa. A 1975 Janar Gowon da Shugaba Eyadema na Togo ne suka ja gaba wajen kafa ƙungiyar ECOWAS. A 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga cikinta. Da iyakar Nijar da Benin ta rufe bayan juyin mulkin 2023, tashar jiragen ruwan Lome ce ta zama ƙofar kayan Yamai, ta hanyar Burkina. Kazalika a watan Mayun 2022 'yan bindiga suka kashe sojojin Togo takwas a yankin Kpendjal, can arewacin Mango. Wanda ya ɗora yatsa a kan taswira ya bi daga nan zuwa arewacin Benin zuwa dajin Kainji zai ga cewa kusan tsohuwar hanyar fatake ce ya bi, sai dai matafiyan yau ba goro suka ɗauko ba. Masu bindiga sun san hanyar, mu masu takardu mun manta da ita.

Don haka kirana ga Gidan Arewa da ke nan Kaduna shi ne ya nemo kwafin rubuce-rubucen Alhaji Umaru da ke ajiye a Jami'ar Ghana da sauran wurare, ya ajiye su inda ɗalibi zai iya taɓawa. Sassan harsunan Nijeriya na jami'o'inmu kuma su riƙa tura ɗaliban digiri na biyu su naɗo Hausar Mango da Sokode da zangon Lome, tun tsofaffin da suka gaji labarin ayari suna raye. Kuɗin motar zuwa Lome bai kai rabin abin da muke kashewa a taron ƙara wa juna sani guda ɗaya a otal ba.

Ni dai na karɓi lambar wayar mai tayil ɗin nan. Ya ce kakarsa na nan da ranta a Mango, kuma asalin kakanninta daga Katsina suka zo.